Ibn Abi Zaid: Ɗan Tunisiya Da Ya Rubuta Risala

Da yawa daga cikinmu in an ce Tunisiya, ƙwallo kawai muke tunawa. Amma akwai wani ɗan ƙasar da littafinsa yake cikin gidajenmu a nan Darmanawa, wataƙila ma a kan tabarmar babanka ko kakanka. Littafin shi ne Risala. Wanda ya rubuta shi kuwa sunansa Abu Muhammad Abdullahi ibn Abi Zaid Alƙairawani.

An haife shi a shekarar 922, wato 310 bayan Hijira, a birnin Ƙairawan. Birnin yana kudu da Tunis, babban birnin ƙasar, da tazarar kimanin kilomita 160. Uƙba ibn Nafi'u ne ya kafa shi a 670. Kafin a haifi Ibn Abi Zaid, Ƙairawan ta riga ta yi suna wajen karatun fiƙihun Malikiyya, domin a can Imam Sahnun ya tattara babban littafin nan Mudawwana.

Sai dai bai tashi a lokacin kwanciyar hankali ba. Masu mulkin ƙasar a zamaninsa su ne Faɗimiyya, waɗanda suka gina sabon birni a bakin teku mai suna Mahadiyya. Fahimtarsu ta addini ta saɓa da ta malaman Ƙairawan, kuma ba su so a ci gaba da koyar da mazhabar Imam Malik a fili. Malaminsa Ibn Allabbad an ɗaure shi, an kuma hana shi ba da fatawa. A 944 wani mutum mai suna Abu Yazid, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Jaki saboda jaki yake hawa, ya yi tawaye. Malaman Ƙairawan da dama suka bi shi zuwa yaƙi, wasu suka mutu a kusa da Mahadiyya. Cikin waɗanda suka mutu har da wani malamin Ibn Abi Zaid, Abul Fadli Almumsi. A lokacin shi saurayi ne ɗan shekara 22 ko 23. Ku duba wannan: malaminka ɗaya a tsare, wani ya faɗi a fagen fama, kai kuma ba ka ajiye littafi ba.

To, ta yaya aka samu Risala? Wani malamin yara ne ya roƙe shi ya rubuta taƙaitaccen littafi da zai riƙa koya wa ɗalibansa, kamar yadda yake koya musu Alƙur'ani. Ashe ke nan don yara irinmu aka rubuta shi tun farko. Wannan ya ba mu mamaki, domin a unguwarmu sai mutum ya wuce Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya kafin malam ya buɗe masa Risala, kuma galibi magidanta muke gani suna karanta ta a zaure bayan sallar Asuba ko Magariba. Masu tarihi da yawa sun ce yana ɗan shekara 17 ya rubuta ta. Yayyenmu na ajin ƙarshe, kun ji.

Littafin ya fara da abin da Musulmi zai ƙudurce a zuciyarsa. Daga nan sai alwala da salla da jana'iza da azumi da zakka da aikin Hajji. Sannan aure da saki, ciniki, shari'a da rabon gado. Ɓangaren da ya fi burge mu shi ne na ƙarshe, inda ya yi magana kan ladabin cin abinci da shan ruwa, sallama da neman izini kafin shiga gidan mutane, yankan farce, mafarki, hamma da atishawa, har da tseren dawaki da harbin kibiya. A ganinmu mutumin da ya tuna da hamma da atishawa a cikin littafin fiƙihu lallai ya san yara.

Risala ƙarama ce in aka gwada ta da sauran ayyukansa. Ya taƙaita Mudawwana, sannan ya rubuta Annawadir Wazziyadat, littafi mai mujalladai da yawa inda ya tattara maganganun malaman Malikiyya da suka warwatsu a littattafai daban-daban. Saboda wannan hidima aka riƙa kiransa Ƙaramin Malik. Alƙali Iyad, wanda ya rubuta Ashafa da ake karantawa a masallatanmu, ya kawo tarihinsa a littafinsa Tartibul Madarik. An san shi kuma da wadata da kyauta, yana ɗaukar nauyin ɗalibai da baƙi da marasa hali.

A 972 Faɗimiyya suka tattara suka nufi Masar, suka bar ƙasar a hannun wakilansu Banu Ziri. Ibn Abi Zaid ya ci gaba da karantarwa a garinsu, ɗalibai na zuwa masa daga Andalus da Maroko.

Shi bai taɓa zuwa ƙasar Hausa ba. Littafinsa ne ya ƙetaro Sahara tare da fatake da malamai da alhazai, aka yi ta kwafarsa da hannu kafin zuwan injin buga littafi. Yau in ka shiga wajen masu sayar da littattafai a kasuwar Kurmi ka ce Risala, za a tambaye ka ko zallarta kake so ko mai sharhi, kamar Samaruddani.

Ya rasu a Ƙairawan a shekarar 996, wato 386 bayan Hijira, aka binne shi a cikin gidansa. Allah ya jiƙansa da rahama.