Alhaji Musa Ɗanƙwairo, makaɗin da ya koyi murya a layin ƴan amshi

Yau a filin tarihin mazan jiya mun tsallaka iyaka zuwa ƙasar Zamfara, wajen wani mutum da kusan duk dattijon Damargu ya san muryarsa ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba, wato marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun. Abin da ya sa muka ɗauko shi kuwa, samarinmu ne. Yanzu da wuya ka shiga gari ba ka tarar da yaro yana rera waƙa cikin salula yana turawa abokai ba, kuma tambayarsu ɗaya ce kullum: yaya mutum zai yi muryarsa ta yi daɗi, ta yi ƙarfi, ta daina shaƙewa? Rayuwar Ɗanƙwairo tana da abin cewa kan wannan.

An haife shi wajen shekarar 1909 a garin Bakura, kudu maso yamma da Maraɗi. A lokacin ƙasar tana cikin lardin Sakkwato, yanzu kuma tana jihar Zamfara ta Najeriya. Gidansu gidan kiɗa ne tun kaka da kakanni. Kakansa, Kaka Maiganga, makaɗi ne. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, shi ma makaɗi ne, ya yi kiɗan noma, ya kuma yi wa Sarkin Maradun kiɗa. Musa ya buɗe ido ya tarar da ganguna rataye a ɗaki, kamar yadda ɗan maƙeri ke tarar da uwar maƙera da zugazugi.

Yana da shekara shida zuwa bakwai ya fara bin mahaifinsa wajen kiɗa. To, a nan ne sunan da duniya ta san shi da shi ya samo asali, kuma sunan kansa labarin murya ne. A cikin mutanen mahaifinsa akwai wani mai suna Ƙwairo, wanda Allah ya ba zaƙin murya. Da yaron ya fara sa baki cikin amshi, sai jama'a suka ji muryarsa na kama da ta wannan mutum, suka riƙa ce masa ɗan Ƙwairo. Sunan ya bi shi har kabari. Shi Ƙwairon, ba don wannan yaro ba, da yau babu mai tuna an yi shi.

A lura da abu ɗaya. Yaron da aka yi wa shaidar zaƙin murya tun yana ƙarami haka, ba a ce masa ya fito gaba ya ja waƙa ba. Baya aka ajiye shi, cikin ƴan amshi, kuma a can ya daɗe.

Wanda bai san sana'ar ba yana ɗaukar amshi ƙaramin aiki ne, maimaita abin da maigida ya faɗa kawai. Ina! Amshi shi ne lakwal ɗin makaɗa. Ɗan amshi da kunne yake fara koyo kafin baki. Dole ya ji inda jagora ya ajiye muryarsa, ya ɗauka daga nan daidai, bai hau sama ba bai faɗo ƙasa ba. Dole muryarsa ta shige cikin ta sauran har a ji su kamar mutum ɗaya; in ya kauce ko da kaɗan ne, na kusa da shi zai ji, maigida zai ji, kuma harara ɗaya ta isa gyara. Dole ya san lokacin da zai ja numfashi, don gindin waƙa ba ya jiran kowa, ganga kuma ba ta tsayawa don wani ya huta. Sannan ga hadda: sunayen sarakuna da iyayensu da kakanninsu, kirarin kowane gida, wanda ya gaji wane. Yaro yana maimaita gindin waƙa ɗaya sau ɗari a yini ɗaya, gobe ma haka, bana haka, baɗi haka. Malaman koyar da waƙa na zamani, waɗanda ake biya kuɗi a manyan birane, abin da suke sa ɗalibi ke nan: ya saurari sauti ya maido shi daidai, ya yi ta maimaita gajeren abu har ya zauna, ya koyi riƙe iska. Su makaɗan Hausa ba su ba abin suna ba, amma sun san shi sarai.

Sai kuma filin da aka yi karatun. Waƙoƙin noma ne farkon abin da Ɗanƙwairo ya tashi a ciki, kuma mu mutanen Damargu, ƙasar gero, ba sai an yi mana dogon bayani kan gayya ba. Gona ce shimfiɗe, majiya ƙarfi sun jeru da hauya, rana na dukan ƙeya, iska na kwashe magana. Babu lasifika, babu rumfa, babu bangon da zai maido maka da sauti. Makaɗi yana bin manoma kunya kunya yana zuga su, kuma wanda ke can ƙarshen gona yana son ya ji an ambaci sunansa da na ubansa. Wanda ya ce da maƙogwaro zai yi wannan aiki, yana ihu, kafin azahar muryarsa ta dishe. Wanda zai kai yamma sai wanda ya iya tura iska daga ciki, ya buɗe baki sosai, ya bar maƙogwaro a sake. Abin da ke fitar da sauti a wuyan mutum wasu ƴan tantani ne guda biyu ƙanana, iska ce ke kaɗa su; in aka matsa musu da ƙarfin tsiya sai su kumbura, shi ne dishewar da muke ji. Muryar da ta yi shekaru tana aiki a fili irin wannan, in ta shigo zauren sarki, ai wasa ne.

Akwai kuma gangar da ya yi suna da ita, kotso. Ƴar ganga ce mai siririn ƙugu kamar kalangu, sai dai fuska ɗaya gare ta, kuma da hannu ake kaɗa ta, ba da makaɗi ba. Tana da tsarkiya da ake matsawa a saki, sautinta ya hau ko ya sauka. Hausa kuwa harshe ne da hawa da saukar murya ke canza ma'anar kalma, haka ma jan wasali da gajarta shi. Yaron da ya girma kotso na magana a gefen kunnensa, yana jin yadda ganga ke bin kalma, kalma na bin ganga, ba zai tauye harafi don ya cika kiɗa ba. Ku saurari kowane tsohon kaset na Ɗanƙwairo. Da Zamfarci yake waƙa, wasu kalmomin ma ba irin namu na nan ba ne, amma kowace kalma tana fita ɗaiɗai, ba ka cewa me ya ce. Wannan ita ce aibar da ta fi yawa a waƙoƙin yaranmu na situdiyo, in za a faɗi gaskiya: fiyano ya yi daɗi, na'ura ta goge murya ta yi sumul, amma sai ka saurara sau uku ba ka tsinci maganar ba.

Da mahaifinsu ya rasu, ba Musa aka ba ragamar ƙungiya ba. Wansa ne, wanda aka sani da Kurna Maradun, ya gaji gidan, shi kuma ya zama mataimakinsa, abin da makaɗa ke kira Daudun kiɗa. Kurna shi ma gwani ne da ake ji da shi. Haka Ɗanƙwairo ya sake zama na biyu, yanzu kuma ba yaro ba, magidanci. Mutum mai irin wannan murya, da mai gajen haƙuri ne, da tuni ya ja nasa mutane ya yi gaba. Sai daga baya ya tsaya da ƙafarsa, ya kafa tasa ƙungiya, ya zauna ƙarƙashin Sarkin Ƙayan Maradun yana yi masa waƙa.

Fitarsa duniya ta zo ne ta hannun Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, wanda ya riƙe Firimiyan jihar Arewa daga 1954 har zuwa kisan da aka yi masa ranar 15 ga Janairun 1966. Zamanin siyasar jam'iyyu ne, kowane ɓangare na neman mawaƙin da zai ɗaga shi. Aka nemi makaɗi daga Maradun, Kurna kuma girma ya kama shi, sai abin ya faɗo kan ƙanensa. Waƙar da ya yi wa Sardauna, wadda ake kira Mai Dubun Nasara, ita ta kai sunansa inda ƙafarsa ba ta taka ba, gidan rediyon Kaduna ya yi ta sa ta, akwatunan rediyo na wannan gefen iyaka ma suna kamawa. Ku yi lissafi da kanku. Wanda aka haifa wajen 1909, a zamanin Firimiya ya ba shekara arba'in da biyar baya. Tsakanin ranar da aka fara ce masa ɗan Ƙwairo da ranar da Arewa duka ta san shi, kimanin shekara arba'in ne.

Daga nan fadoji suka buɗe masa. Ya yi wa Ƴandoton Tsafe waƙa, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, da sarakuna da hakimai da attajirai masu yawa. Zamani ne da ƙasar Sakkwato ke cike da manyan makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa na Isa da Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru, don haka ba a fili babu kowa ya yi suna ba.

Abin da ya bambanta waƙarsa, a ganinmu, daga wancan dogon zama na baya ya fito. A wajen makaɗa da yawa, jagora ya yi ɗansa, ƴan amshi su maido gindi, shi ke nan. A wajen Ɗanƙwairo kuwa ƴan amshi ba sa zaman jira. Yakan fara magana ya sake ta a tsakiya, su cafe su ƙarasa. Wani lokaci su ƙara nasu a kai, wani lokaci su kasu biyu, waɗannan su karɓa su miƙa wa waɗancan, shi kuma ya faɗo daga sama da siririyar muryar nan tasa mai kaifi, ya sake ɗaga waƙar. Manazarta waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, sun yi rubutu kan irin wannan tsari na karɓa da ƙari. Hikimar a fili take ga wanda ya san aikin: jagora na samun inda zai numfasa, muryarsa ba ta gajiya da wuri, waƙa kuma ba ta yin rami. Mutumin da bai taɓa tsayawa a layin baya ba, da wuya ya san abin da mutanen baya za su iya har ya ba su wannan dama.

To, yaron Gangara ko Olelewa ko Tarka da ke son waƙa yau, wanda ubansa ba makaɗi ba ne, ina zai samu irin wannan lakwal? Akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, amma Yamai da nisa, kuma ba kowa ke da halin zuwa ba. Kiɗan gayya ma ya ja baya a wurare da dama. Sai dai layin amshi bai mutu ba. Yana nan wajen masu bege da masu Ishiriniya lokacin Mauludi, yana nan wajen makaɗan biki da na kokawa, yana nan a dandali inda ƴan mata ke waƙar gaɗa, ɗaya na bayarwa saura na karɓa. Ko karatun allo da ake yi da ƙarfi a tsangaya yana koya wa yaro jan numfashi da fidda harafi daga mafitarsa. Mai son koyo ya nemi wanda ya fi shi ya tsaya bayansa, ya yarda a gyara masa. Salular nan ma tana da amfani in an juya ta: maimakon tura wa duniya waƙar farko, mutum ya ɗauki muryarsa, ya saurara shi kaɗai, ya gwada da ta gwanin da yake bi, zai ji inda ya kauce da kunnensa.

Sannan a kula da maƙogwaro, musamman mu da hunturu ke zo mana da ƙura da bushewa. A yawaita shan ruwa. Kada a tashi daga barci a fara da ƙure murya, a fara a hankali da ƙasa ƙasa har ta warware. In ta dishe a bar ta ta huta, kada a yi ta tilasta mata, kuma dishewar da ta wuce mako biyu zuwa uku ba ta tafi ba, likita ya kamata ya gani. Taba sigari kuwa babu abin da take yi wa murya sai ɓarna. Yaran da ke kan balaga, waɗanda muryarsu ke karyewa tana rawa, kada su firgita, kada kuma a yi musu dariya har su bari; maƙogwaro ne ke girma, zai zauna. Shi kansa Ɗanƙwairo da muryar yarinta aka fara saninsa, ya ratsa wannan mataki yana cikin amshi, ya fito da wadda muka sani.

Mun san akwai iyayen da ba sa son jin ɗansu na waƙa, suna ganin roƙo ne, kuma maganar tana da tushe, don kiɗan fada da kyautar sarakuna yake rayuwa. Wannan magana ce ta kowane gida, ba mu da hurumin yanke ta daga nan. Abin da ba a musu a kai shi ne sarakunan da Ɗanƙwairo ya yi wa waƙa, da yawansu yau ta bakinsa matasa ke jin sunansu.

Ya ci gaba da waƙa har tsufa, ƴaƴansa na tsaye a bayansa suna yi masa amshi da kiɗa, kamar yadda shi ma ya tsaya bayan Ɗankwanda da Kurna. Allah ya yi masa rasuwa ranar 13 ga Satumban 1991, yana da shekara tamanin da ƴan kai. Bayan rasuwarsa ƴaƴan nasa ne suka riƙe ƙungiyar, suka ci gaba da zuwa fadojin da ya saba zuwa da kotsonsu. Allah ya jiƙansa da rahama.