Georgette Heyer: Marubuciyar Da Ta San Kuɗin Kyandir

Ni kam in dai littafin soyayya ne, ba a bar ni a baya ba. A hutun da ya wuce na tsinci wani tsoho wajen masu gwanjon littattafai, bangonsa duk ya yage, sunansa Regency Buck. Kwana biyu na cinye shi, daga nan na shiga neman ko wace ce mai shi, Georgette Heyer.

An haife ta a Wimbledon da ke Landan a 1902. Tana 'yar shekara 17 ta shirya wani labari don ɗebe wa ƙaninta Boris kewa, saboda yana fama da ciwo. Babansu ya ji, ya ce lallai ta rubuta shi, a 1921 ya fito da sunan The Black Moth. A 1925 uban ya rasu kwatsam, ɗawainiyar ƙannenta biyu ta dawo kanta. Alƙalami ya zama abin cin tuwo. A shekarar ta auri Ronald Rougier, injiniyan haƙar ma'adinai, daga baya ta bi shi Tanganyika, inda ta ci gaba da rubutu cikin bukkar ciyawa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda take aiki. Da yawa daga cikin labaranta a Ingila ta wajen 1811 zuwa 1820 suke faruwa, zamanin da ko kakarta ba ta gani ba. Don haka ta tara littattafan bincike sama da 1000, ga kundaye da take rubuta irin tufafi da huluna da shaguna da zaurancen mutanen lokacin, har da kuɗin kyandir a shekara kaza. Da za ta rubuta An Infamous Army na 1937 a kan yaƙin Waterloo, sai da ta bi wasiƙun Wellington dalla-dalla don kada ta sa masa maganar da ba tasa ba. Na tuna yadda wasunmu ke kwafo furojet dare ɗaya, wallahi sai kunya ta kama ni.

Ba ta son a san ta. Littafinta These Old Shades ya fito a 1926, shekarar yajin aikin gama-gari, ba talla ba komai, amma ya yi kasuwa. Tun daga nan ta ƙi hira da 'yan jarida har ta mutu.

Sai dai akwai abin tausayi. Burinta shi ne babban aiki a kan gidan sarautar Lancaster, amma bashin haraji da hidimar gida suka riƙa mayar da ita kan soyayyar da ke kawo kuɗi. Ciwon dajin huhu ya ɗauke ta a 1974, bayan ta rubuta littattafai sama da 50. Wancan aikin kuwa bai kammalu ba. Abin da ta samu ta rubuta aka buga a 1975 da sunan My Lord John. Masoyanta da yawa sai a sanarwar rasuwarta suka fara jin sunan mijinta.