Taƙaitaccen Tarihin Imam Gazali, Hujjatul Islam

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, mun ga ya dace mu kawo wa jama'a tarihin wani malami wanda ya bar kujerar daraja ya koma ɗakin masallaci don neman yaƙini.

An haifi Abu Hamid Muhammadu Gazali a Ɗusa, ƙasar Kurasana, a shekara ta 450 Hijira, daidai da 1058. Ya yi karatu a Naisaburi wurin Imamul Haramaini Juwaini. A shekara ta 484 Waziri Nizamul Mulki ya naɗa shi babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, inda ɗalibai wajen 300 ke zama gabansa.

Wani abu ya taɓa damunsa ƙwarai, watau ta yaya mutum zai tabbata abin da ya sani gaskiya ne? Ya lura yaro kan tashi bisa abin da ya tarar iyayensa na kai, ba da hujja ba. Ya jarraba ido, ya ga yana ruɗi: inuwa a ganin ido tsaye take, alhali tafiya take yi sannu sannu, tauraro kuma kamar dinari, alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Hankali ne ya ƙaryata ido. To, me zai hana a sami wani alƙali bisa hankali wanda zai ƙaryata shi, kamar yadda farkawa ke ƙaryata mafarki? Kusan wata 2 yana cikin wannan ciwo, bai warke da jera dalilai ba, sai da haske da Allah Ya jefa a ƙirjinsa. Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa Munƙizu minad Dalali. Mu dai ba mu san malamai da yawa da za su iya fallasa kansu haka ba.

A shekara ta 488 harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da karatu, likitoci suka ga abin daga zuciya yake. Ya rabar da dukiyarsa, ya nufi Dimashƙa, yana hawa hasumiyar babban masallacinta ya kulle ƙofa ya wuni. Daga nan sai Baitul Muƙaddasi, sai aikin Hajji. A shekarun nan ya wallafa Ihya'u Ulumiddini, kashi 40, ya buɗe shi da Littafin Ilmi, har yau kuwa ana karanta shi a zaurukan malamanmu.

Ya koma karantarwa a Naisaburi a shekara ta 499, ya rasu a Ɗusa a 505, daidai da 1111. Allah Ya jiƙansa, amin.