Rabbi Weinberg: Malamin Yahudawan da ya nemi mafita bayan Hitler ya hana yanka

Duk mahaucin da ke kasuwar Rano ko Kibiya ya san cewa dabbar da ta mutu kafin wuƙa ta hau wuyanta ta zama mushe. Yahudawa ma haka suke, har sun fi tsanantawa: a wurinsu dabbar da ta ji mummunan rauni a ciki ta haramta, ko da an yanka ta da ranta. Wannan mas'ala ce ta hana Rabbi Yehiel Yaakov Weinberg barci tsawon shekaru.

An haife shi a 1884 a garin Ciechanowiec da ke Poland ta yanzu. Ya yi karatun addini a makarantar Slabodka ta Lithuania, ya yi karatun digirin dakta a Jami'ar Giessen ta Jamus, daga baya ya shugabanci makarantar horar da malaman Yahudawa ta Hildesheimer a Berlin.

A ranar 21 ga Afrilun 1933, wata uku kacal da hawan Hitler mulki, gwamnatin Nazi ta haramta yanka dabba sai an sumar da ita tukuna. An fake da tausayin dabbobi, amma kowa ya san wa aka nufa. Naman da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, kuma Weinberg ya ji tsoron marasa lafiya da tsofaffi za su galabaita, wasu kuma su koma cin abin da addininsu ya haramta.

Sai ya duƙufa bincike ko sumar da dabba da lantarki na lalata kayan cikinta, ya tara hujjojin sassauci, ya tuntuɓi manyan malaman gabashin Turai. Babbansu, Rabbi Chaim Ozer Grodzinski na Vilna, ya ƙi. Ban da shakkar halaccin naman, yana ganin idan aka sassauta a Jamus, sauran ƙasashe za su samu hujjar kafa irin wannan doka. Bai yi kuskuren hasashe ba, domin a 1936 majalisar Poland ta taƙaita yankan Yahudawa. Weinberg ya janye, bai fitar da fatawar ba, duk da cewa jama'arsa ce ke cikin ƙuncin.

An rufe makarantarsa a 1938. Ya faɗa unguwar da aka killace Yahudawa a Warsaw, sannan aka tsare shi a wani sansani a Jamus har 1945. Binciken nasa kan yanka ya fito ne bayan yaƙi, a cikin littafinsa Seridei Esh, ma'ana abin da wuta ta rage.

Ya rasu a 1966 a Switzerland, ƙasar da ta haramta yanka ba tare da sumarwa ba tun 1893. An binne shi a birnin Ƙudus.