Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin Makarantar da ke Kwance a Ƙofar Ran

Wanda duk ya bi ta Ƙofar Ran, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Bauchi, zai ga wani gini mai dogayen bango, ba ado a jikinsa daga waje. Mai ziyara yakan shiga ta wani siririn lungu mai duhu, ya yi ta tafiya haske na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har ya ɓulla wani fili da ba shi da rufi sai sararin sama. A tsakiyar filin nan kabarin Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda har yau ba a sake yin wani mai wannan muƙami ba. 'Yan makaranta kan zo a jere su ga kayayyakinsa da aka adana a ɗakin tarihin da ke harabar, dattawa kuma su tsaya su yi masa addu'a. Mafi yawan masu zuwa sun san fuskarsa daga takardar naira biyar. Kaɗan ne suka san doguwar hanyar da ta kai shi Legas, da yadda aka dawo da shi gida.

An haife shi a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, kudu da birnin Bauchi, kuma sunan garin ne ya bi shi har ya zama nasa. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, Bagere ne da ke hidima a gidan Hakimin Lere, mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Ba ɗan sarauta ba ne, kuma wannan ya yi tasiri a dukan rayuwarsa, domin a zamanin da ya taso 'ya'yan sarakuna da na masu riƙe da ƙasa su ne kan gaba a komai. Bayan karatun allo da elementare, ya shiga makarantar lardi ta Bauchi, daga nan a 1928 ya wuce Kwalejin Katsina, inda ya tarar da Ahmadu Bello, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta wajen Sarkin Musulmi Bello, yana gaba da shi a aji. Ya gama a 1933, ya komo Bauchi yana koyarwa a Midil, har ya zama shugabanta.

A shekarar da ya bar Katsina ne Rupert East, jami'in da ke kula da hukumar talifi ta Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, aka kuma sami Shaihu Umar na matashin malamin Bauchi, wanda aka buga a 1934. Labarin wani yaro ne daga Kagara da aka sace yana ƙarami, aka ratsa hamada da shi zuwa ƙasar Larabawa, mahaifiyarsa ta bazama nemansa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Sun sadu daga ƙarshe, amma ba ta daɗe ba ta rasu, shi kuma ya komo ƙasar Hausa ya zama babban malami. Littafin ba shi da barkwanci irin na Imam, ba shi da kirarin yaƙi irin na Kagara. Abin da ya cika shi shi ne haƙuri da miƙa wuya ga ƙaddara, kuma wanda ya karanta shi ya kuma bi tarihin marubucin zai ga cewa halin da ya ba gwarzon labarinsa shi ne halin da ya tafi da shi cikin mulki. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci a 1967, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976.

Bauchi ta farkon shekarun 1940 gari ne mai tafasa da muhawara. Malam Sa'adu Zungur ya dawo gida, Malam Aminu Kano yana koyarwa a Midil ɗin da Abubakar ke shugabanta, kuma tare da wasu 'yan boko suka riƙa zama suna tattauna al'amuran mulki, da haraji, da aikin tilas, da ikon sarakuna. Zungur da Aminu sun fi zafi, shi kuwa ya fi son a bi a hankali, a gyara daga ciki. Wannan bambanci ne daga baya ya raba hanyarsu a siyasa, Aminu ya jagoranci NEPU, Abubakar ya zama jigo a Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ko da yake mutunta juna bai gushe a tsakaninsu ba.

A 1945 ya tafi Ingila ya yi shekara guda a sashen nazarin ilimi na Jami'ar Landan. Da ya dawo aka ba shi aikin duba makarantun En'e, aka kuma zaɓe shi zuwa Majalisar Dokokin Arewa, daga can ya wakilci Arewa a majalisar ƙasa ta Legas a 1947. Abin da ake yawan mantawa shi ne, a wancan lokaci bai yarda Nijeriya ƙasa ɗaya ba ce. Ya faɗa a bainar majalisa cewa haɗin da Turawa suka yi a 1914 bai wuce kan takarda ba, yana kuma tsoron kada Kudu, wadda ta yi wa Arewa nisa a ilimin boko, ta gaji mulkin Turawa a kan 'yan Arewa. A taron tsarin mulki na Ibadan a 1950 yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar tarayya.

A cikin wannan shekara ta 1950, a watan Agusta, ya yi abin da za a iya cewa shi ne mafi ƙarfin hali a rayuwarsa. Ya miƙe a majalisar Kaduna ya gabatar da ƙudurin a binciki tsarin mulkin En'e a yi masa gyara, yana nuna yadda aka bar sarki shi kaɗai da wuƙa da nama, da yadda cin hanci da danniya suka yi wa talaka katutu, ba shi da inda zai kai kuka. Mai wannan magana ma'aikacin En'e ne, ɗan bara, albashinsa daga baitulmalin Sarkin Bauchi yake fitowa. Sarakuna da yawa ba su ji daɗi ba, amma ƙudurin ya wuce da ƙyar, kuma binciken da ya biyo baya ya kai ga sauya doka, aka wajabta wa sarki yin mulki tare da majalisarsa.

Daga 1952 ya zama Ministan Ayyuka a Legas, daga baya Ministan Sufuri. A 1955 ya je Amurka don ganin yadda ake sufuri a kogin Misisipi, da nufin amfani da darasin a kogunan Kwara da Binuwai. Masu rubuta tarihinsa sun haɗu a kan cewa a wannan tafiya ce ra'ayinsa ya juya, ganin yadda mutane masu asali daban-daban suka zama al'umma ɗaya. Ya dawo yana mai imani da Nijeriyar da ya taɓa shakka a kanta. A ƙarshen Agusta 1957 Gwamna Janar Sa James Robertson ya naɗa shi Firayim Minista, ya kuwa kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, har da 'yan jam'iyyar AG irin su Samuel Akintola a ciki.

Matsayinsa na da sarƙaƙiya. Shi ne shugaban gwamnatin tarayya, amma a jam'iyya mataimaki ne, shugaban yana Kaduna, wato Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. 'Yan adawa sun yi ta yi masa gori da cewa ɗan aike ne. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ba da shaidar cewa yana da ra'ayin kansa, sun kuma sha saɓawa da Sardauna, sai dai ba ya fitar da saɓanin fili. Bayan zaɓen Disamba 1959, inda NPC ta zo kan gaba ba tare da samun rinjayen kafa gwamnati ita kaɗai ba, ya ƙulla ƙawance da NCNC ta Dakta Nnamdi Azikiwe, Cif Obafemi Awolowo ya zama madugun adawa. Ranar 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa na Legas wanda yanzu ke ɗauke da sunansa, ya karɓi takardun 'yancin kai daga hannun Gimbiya Alexandra. Bayan kwana shida ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok, ranar da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. Lafazinsa da nutsuwar muryarsa ne suka sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

A harkokin waje an ɗauke shi mai sanyin hali, mai kusanci da Ingila, kuma akwai gaskiya a ciki. Duk da haka gwamnatinsa ce ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 saboda gwajin makamin nukiliya a hamadar Sahara, yana kuma cikin shugabannin da matsin lambarsu ya sa Afirka ta Kudu mai mulkin wariyar launin fata ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a shekarar. Ya tura sojoji Kwango ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. A batun haɗin kan Afirka bai goyi bayan gaggawar Kwame Nkrumah ta kafa gwamnati ɗaya ba, ya tsaya a kan kowace ƙasa ta riƙe 'yancinta da iyakokinta, kuma kusan a kan wannan ra'ayi aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a watan Mayu 1963. A gida, a zamaninsa ne layin dogo ya ratsa Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji, aka kuma gina gadar Kwara da ta haɗa Asaba da Anaca.

Siyasar cikin gida ce ta ci ƙarfinsa. A watan Mayu 1962, da rikici ya raba AG tsakanin Awolowo da Akintola, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma ta naɗa Dakta Moses Majekodunmi kantoma. Shekara ta gaba aka ɗaure Awolowo shekara goma bisa laifin cin amanar ƙasa. Ƙidayar jama'a ta 1962 ta jawo gardama har aka soke ta, wadda aka sake a 1963 ta ba da mutum miliyan 55 da ɗoriya, ita ma Jihar Gabas ta ƙi amincewa da ita. A ƙasar Tibi an zubar da jini a 1960 da 1964. Zaɓen Disamba 1964 ya zo da ƙaurace wa rumfuna a sassa da dama, Shugaban Ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki bai kira shi ya kafa gwamnati ba, sai da manyan alƙalai suka shiga tsakani.

Sai kuma zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965, wanda aka tafka maguɗi a cikinsa, Akintola, abokin ƙawancen NPC, ya ci gaba da mulki. Aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe a garuruwan Yarabawa. A nan ne ko masoyansa suke rasa amsa mai gamsarwa. Mutumin da ya kafa dokar ta-ɓaci a 1962 saboda jifa da kujeru a majalisar Ibadan ya ƙi kafa ta a 1965 alhali ana ƙona mutane da fetur a kan titi. Ko ya ɗauka wutar za ta mutu da kanta ne, ko kuwa ƙawancen jam'iyya ne ya ɗaure masa hannu, haƙurin da ya sha fitar da ƙasar daga rikici a baya wannan karo jinkiri ya zama. Ɗan majalisar da ya tunkari sarakunan ƙasarsa a 1950 bai iya tunkarar abokan tafiyarsa ba bayan shekara goma sha biyar.

A ranakun 11 da 12 ga Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas don tattauna tawayen Turawan Rodeshiya, karo na farko da aka yi irin wannan taro a wajen Landan. Kafin asubahin 15 ga wata, sojoji ƙarƙashin Manjo Emmanuel Ifeajuna suka shiga gidansa da ke Onikan suka tafi da shi, tare da Ministan Kuɗi Cif Festus Okotie-Eboh. A daren ne aka kashe Sardauna a Kaduna, da Akintola a Ibadan, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. An yi kusan mako ba a san inda Firayim Minista yake ba, har ranar 21 ga wata da aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta. Aka ɗauko shi a jirgin sama, aka yi masa sutura a Bauchi. Shekararsa 53.

Bai bar dukiyar a zo a gani ba, bayan sama da shekara takwas yana riƙe da gwamnatin ƙasa, kuma ko abokan hamayyarsa ba su tuhume shi da taɓa dukiyar jama'a ba. Idan ya sami hutu Bauchi yake tahowa ya tafi gonarsa, kuma akwai sanannen hotonsa zaune a ƙasa tare da 'ya'yansa suna shan rake. Mutanen gari sun ci gaba da kiransa Malam Abubakar har bayan Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar Sa a 1960.

Ginin da ke Ƙofar Ran an fara shi a 1977, bayan ƙirƙiro Jihar Bauchi, aka buɗe shi a 1979, yana kuma cikin wuraren tarihi na ƙasa. Jami'ar tarayya da ke Bauchi ta ɗauki sunansa a 1988, haka ma babban filin wasa na garin. A ɗakin tarihin akwai rediyonsa, da agogonsa, da hotunan tafiye-tafiyensa, ana kuma kunna wa baƙi faifan jawabansa, waɗanda aka haifa shekaru da dama bayan rasuwarsa su ji muryar da kunnensu.