Gregor Mendel: Malamin cocin da wakensa ya buɗe hanyar binciken cutar MS

A shekarar 1868 ne aka zaɓi Gregor Mendel ya shugabanci gidan 'yan zuhudun Kirista da ke birnin Birno, lamarin da ya kusan kawo ƙarshen binciken da yake yi a kan yadda 'ya'ya ke gadon siffofin iyayensu.

A cikin wannan shekarar ce kuma wani likita a birnin Faris, Jean-Martin Charcot, ya bayyana cutar nan da ake kira MS a matsayin cuta mai zaman kanta. Cuta ce da garkuwar jiki ke far wa rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, har ta kai ga raunin gani da nauyin ƙafa, wani lokacin ma da shanyewar gaɓoɓi.

Sai bayan fiye da shekaru ɗari ne aikin mutanen biyu ya haɗu.

Ɗan manomi

An haifi Mendel a watan Yulin 1822 a ƙauyen Heinzendorf, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya, a yanzu kuma yana cikin Jamhuriyar Cek. Mahaifinsa ƙaramin manomi ne da ya ji mummunan rauni a wurin aiki, abin da ya jefa karatun yaron cikin tsaka mai wuya. Ƙanwarsa Theresia ce ta sadaukar da wani kaso na kuɗin aurenta domin ya ci gaba, shi kuma daga baya ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku.

Ya shiga gidan 'yan zuhudun a 1843, inda ya samu abin da talauci ya hana shi, wato littattafai da kwanciyar hankali. Sau biyu yana zama jarrabawar zama cikakken malamin makaranta, a 1850 da 1856, bai samu nasara ba. Amma a tsakanin biyun ya yi karatu a Jami'ar Biyana, inda ya koyi lissafi da kimiyyar fiziya, kuma wannan ne ya bambanta shi da masu nazarin tsirrai na zamaninsa. Su suna duba tsiro su siffanta shi, shi kuwa ƙirgawa yake yi.

Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka wani nau'in waken Turawa kimanin 28,000 a lambun gidan, yana yin barbara da hannunsa. Da ya haɗa dogon tsiro da gajere, zuriyar farko duk ta fito doguwa. A zuriya ta biyu sai gajartar da ta ɓuya ta sake bayyana: dogaye 787, gajeru 277, wato kusan uku ga ɗaya.

Daga nan ya fahimci cewa siffofin iyaye ba sa cakuɗewa kamar fura da nono. Kowane tsiro na ɗauke da ƙwayar gado biyu ta kowace siffa, kuma wadda zai miƙa wa zuriyarsa tamkar faɗuwar ƙuri'a ce.

Ya gabatar da sakamakon a Birno a 1865, aka buga shi a 1866, amma kusan babu wanda ya kula. Shahararren masani Carl Nägeli na birnin Miyunik, wanda Mendel ya riƙa rubuta wa wasiƙu, ya ƙarfafa masa gwiwar gwada wani tsiro dabam, wanda daga baya aka gano yana yin iri ba tare da barbara ba. Shekaru suka tafi a banza.

Ragowar rayuwarsa ta ƙare ne a harkokin mulki da takaddama da gwamnati kan harajin da ta ɗora wa gidajen ibada. Ya mutu da ciwon ƙoda ranar 6 ga Janairun 1884, yana da shekaru 61. Sai a 1900 ne wasu masana uku suka sake tono aikinsa.

Ƙuri'ar Mendel

MS ba ta bin lissafin uku ga ɗaya. Wani babban bincike na 2019 ya gano wurare fiye da 200 a ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ke da nasaba da ita, kuma ƙiyasin 2020 ya nuna mutane kusan miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita a duniya, akasarinsu mata.

An daɗe da lura cewa masu cutar na da ƙarancin bitamin D, wanda jiki ke samarwa idan ya sha rana. To amma rashin bitamin ɗin ne ke jawo cutar, ko kuwa cutar ce ke tsare mutum a ɗaka har ya rasa shi?

A nan ne ƙuri'ar Mendel ta yi rana. Wasu mutane na gadon ƙwayoyin da ke sa bitamin D ɗinsu ya yi ƙasa tun daga haihuwa, kuma cutar da za ta zo daga baya ba ta isa ta sauya wannan rabo ba. Idan aka tarar MS ta fi kama su, zargi ya hau kan bitamin ɗin. George Davey Smith da Shah Ebrahim na Birtaniya ne suka yayata wannan hanya a 2003, kuma sunan Mendel take ɗauke da shi.

A 2015 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun bi wannan hanya suka gano cewa waɗanda suka gaji ƙarancin bitamin D sun fi fuskantar haɗarin MS. A 2016 suka samu irin wannan sakamako game da ƙiba.

Sai dai hanyar ba ta rasa rauni. Ƙwayar gado guda na iya taɓa abubuwa da dama a jiki, gwaje-gwajen ba masu cutar bitamin D sun ba da sakamako mabambanta, kuma akasarin bayanan da aka yi amfani da su na Turawa ne.