Orson Welles: Mutumin da Ya Firgita Masu Sauraron Rediyo

An haifi Orson Welles a Amurka a 1915, ya rasu a 1985. Yana ɗan shekara 23 ya shirya wasan kwaikwayon rediyo kan wasu halittu daga duniyar Mars da suka kawo wa mutane hari. An watsa shi ranar 30 ga Oktoba 1938.

Dabararsa ita ce ya mai da wasan kamar labarai. Ana cikin kiɗa sai a katse, ɗan rahoto ya shigo a ruɗe, a ji ihu, sai tsit. Wasu suka ɗauka gaske ne, hankalinsu ya tashi. Washegari ya ba jama'a haƙuri.

Mu 'yan kulob ɗin jarida mun ɗauki darasi: murya tana da ƙarfi, don haka kada mu yaɗa labari sai mun tantance shi.